Zuwa Ga Bawana na Fagam, Mai Jin Kunyar Hayaƙi

Bawana, ɗan Gwaggo, Sarkin Bakan da ba wanda ya naɗa, ina gaishe ka irin gaisuwar da ubangida ke yi wa bawansa, wato daga zaune. Gwaggo kuwa ka durƙusa har ƙasa ka gaishe min da ita, ka ce mata ba ruwanta da abin da ke cikin takardar nan. Ita dai ta haifa, halin kuwa can ka tsinto shi a yawon dawa.

Labari ya iso ni cewa ka shiga sabon ilimi. Wai yanzu ka raina albarushi, ya tsufa, hayaƙinsa na tona maka asiri. Wai ka samo jan harsashi irin na bindiga mai baki biyu, kana farke shi kana zazzage garin cikinsa a wata 'yar kwalba, ranar da ya taru ka ɗura wa bindigar Kaka. Wanda ya kawo min zancen bai rantse ba, ni ma ban nemi ya rantse ba, domin duk cikin jikokin Kaka in aka ce wani ya yi wannan tunani, ba sai an kama suna ba.

Kafin mu kai ga batun yatsunka, mu fara da batun dukiyata. Bindigar nan ta uban ubana ce. Kai ta wajen mace ka raɓe ta. Ajiya aka ba ka saboda kai ne ke zaune a gindin duwatsu, ni kuwa aiki ya riƙe ni a birni, inda ko gafiya mutum ya harba sai ya kwana yana bayani. Ajiya kuwa ba a koyon sana'a a kanta.

Na kuma ji irin tarihin da kake shara wa yara a dandali, wai da ita aka kori Ningawa daga ƙofar gari. Gaskiya ne kudancin ƙasar Kano, daga Birnin Kudu har Gwaram, ya sha hare-haren Ningi a ƙarni na 19, musamman zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, kuma ba don ado aka zagaye garuruwanmu da ganuwa ba. Amma Turawa sun ci Bauchi a 1902, suka ci Kano a 1903, Kaka kuwa a lokacin ko zanen sunansa ba a saya ba. Rundunar da na tabbata bindigar nan ta tarwatsa ita ce ta birai a gonar dawa, su ma da ƙara ta kore su, ba da saiti ba.

Ka san ma daga ina irinta ta fito? A 1890 ƙasashen Turai suka zauna a Brussels ta Beljiyam suka ƙulla yarjejeniyar da ta hana a sayar wa mutanen mafi yawan Afirka bindigogin zamani. Abin da suka bar mana shi ne mai ƙanƙara, wadda ake ɗurawa ta baki, da albarushin kasuwa. Maƙeran Birmingham a Ingila da na Liege a Beljiyam suka ci gaba da ƙera mana abin da su kansu suka daina riƙewa, maƙeranmu kuma suka duba suka kwaikwaya. Ta Kaka daga cikin waɗannan take, amma ni da kai mun san bututun da ke jikinta yau ba shi ne na asali ba. Na asalin ya tsage tun muna yara, maƙeri ya ɗaura mata wani, kuma kowa ya san inda maƙeran ƙasar nan ke samo bututun adaka: in ba na famfo ba, to na sitiyarin tsohuwar mota. Katakon ma an sake shi bayan gara ta yi nata aikin. Abin da ya rage na Turai a jikinta kunama ce kawai, sai kuma kurin da kake yi da ita.

Ban ga laifin maƙerin ba. Ya yi aikinsa daidai da abincin da ya san za a ba ta, kuma shekara da shekaru tana ci tana amayarwa lafiya. Kai ne kake son ka sauya mata tuwo da tsufanta.

Bari in karantar da kai, tunda hakkin bawa ne a kan ubangidansa. Albarushi abu uku ne aka haɗa: gawayi, da farar wuta, da wani farin gishiri mai rura wutar. In ya kama, fiye da rabin nauyinsa ba ya zama iska mai tura harsashi, toka yake zama da hayaƙi. Farin gajimaren nan da kake jin kunyarsa, da baƙin dattin da ke manne wa cikin bututu, shaidar raunin albarushi ne, kuma raunin nan shi ya bar ka da yatsu goma har yau. Yana da wani hali kuma mai kyau: ko a fili aka cinna masa wuta ko a cikin ƙarfe, saurin cinsa bai cika sauyawa da yawa ba. Shi ya sa magabata ke awonsa da tafin hannu ko da ɗan ƙaho. In an ɗan zarce, bindiga ta hamɓari kafaɗa, a yi tsaki a wuce. In an zarce ƙwarai shi ma yakan fasa, kada ka ce na ba ka lasisi, amma yana da faɗin haƙuri.

Garin da ke cikin jan harsashi ba ɗan gidansu ba ne ko kaɗan, ko da yake shi ma baƙi-baƙi ne a ido, abin da ke ruɗin irinku ke nan. Asalinsa auduga ce da aka jiƙa a ruwan asid. Wani Bajamushe mai koyarwa a Basel, Schönbein, shi ya fito da ita a 1846, masana'antar da aka kafa don ita a Faversham ta Ingila kuma ta tashi da ma'aikatanta a 1847. Sai da masana suka kusa shekara 40 suna fama kafin wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya samu hanyar horar da ita a 1884. Abin da ya ɗauki masu farar riga shekara 40 da rayukan mutane, shi kake son ka gama a zaure tsakanin la'asar da magariba.

Shi wannan garin kusan dukkansa iska yake zama, ba ya barin toka sai kaɗan, kuma nauyi da nauyi ya ninka albarushi ƙarfi wajen sau uku. Amma ba nan mugun halinsa yake ba. Mugun halin shi ne, gwargwadon matsin da ya samu, gwargwadon saurin cinsa. Saurin ya ƙara matsi, matsin ya ƙara sauri, suna ta zuga juna, duk a cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Na jan harsashi kuma yana cikin masu saurin ci a danginsu, don an yi shi ne ya gama aikinsa nan take a bayan ƙananan dalma.

An ce har gwaji ka yi a gaban jama'a. Ka zuba albarushi a kan tsingaro ka ƙyasta ashana, ya yi fuu ya tashi lokaci guda har ya lashi gemunka. Ka zuba na bature, ya tsaya yana ci a hankali da 'yar jar wuta. Sai ka waiwayo ka ce wa mutane, to kun gani, wannan ma ya fi sanyin hali. Ƙaramin sani ƙuƙumi! A fili ka gan shi, inda ba abin da ya tare masa hanya. Gwajin naka gaskiya ya nuna, kai ne ka karanta shi a juye: garin da halinsa a fili ya saɓa da halinsa a rufe har haka, shi ne wanda ba a yi masa awo da ido.

Tunda lamba kake girmamawa in ta fito daga bakin ɗan boko, ga lamba. Ma'aunin nan da mai faci ke dangwala wa taya, tayar ƙaramar mota a kan 30 da 'yan kai take tsayawa. Da wannan awon, ƙa'idar masu ƙera harsashi ta Amurka ta yanke wa jan harsashi mai lamba 12 iyakar 11,500. Harsashin .303, na tsohuwar bindigar 'yan sanda da sojan da, 49,000. Bututun famfo kuwa, gwajin da ake yi masa a masana'anta kafin a fito da shi kasuwa bai kai 1,000 ba, kuma tsawonsa duka ɗinki ne, don lanƙwasa fallen ƙarfe aka yi aka like. Wato ko da albarushin ma a bakin rami bindigar take tafiya, Allah ne ke rufa asiri. Sannan 11,500 ɗin nan sai garin yana cikin gidansa, da toshiyar da aka auna masa, da nauyin dalmar da aka auna masa, a cikin ƙarfen da aka yi dominsa. Ranar da ka fito da shi ka danna masa tsumma da guntayen ƙarfe da iyakar ƙarfin damtsenka, babu injiniyan da zai iya faɗa maka lambar da zai kai.

Kuma in za ta fashe, ba can bakinta za ta fashe ba inda zomo zai ji tsoro. A gindi matsi ke taruwa, kusa da inda hannunka na hagu ke tallafe, daidai inda ka kwantar da kunci ka kanne ido ɗaya. Toshiyar gindin bututu da 'yar kafar da wuta ke shiga duk fuskarka suke kallo. Akwai kuma wata ƙeta da garin ke da ita: wutar da ta ishi albarushi ba kullum take isarsa ba. Sai ka ja kunama ka ji shiru, shi kuwa yana can yana shawara. Na san ka sarai. Ba za ka ƙirga uku ba za ka juyo da bakinta ka leƙa ka ga me ya hana.

Sojojin duniya ma da sabon garin ya zo musu, sababbin bindigogi suka ƙera masa. Faransa ta fito da Lebel a 1886. Ingila na riƙe da Martini-Henry tun 1871, mai cin harsashi ɗai-ɗai, ana ɗura ta ta gindi, ƙarfen masana'antar gwamnati, ba na famfo ba. Da ta samu nata garin marar hayaƙi a 1889, sai zafinsa ya riƙa cinye zanen cikin bututun sabuwar bindigarta Lee-Metford, dole a 1895 aka sake wa bututun fasali. Tsofaffin Martini da aka so su ci harsashin .303, sai da aka cire musu bututu aka ɗaura sabo. Daular da ta ci Kano da Sakkwato ke nan, da kuɗinta da masananta, ba ta yarda ta yi abin da kake shirin yi da murfin kwalba ba. A Birmingham akwai gida guda tun 1813 wanda ba shi da aiki sai gwajin bututu: a ɗura masa fiye da ƙima a ɗaki mai kauri, ba kowa a kusa, a tayar, in ya tsira a buga masa hatimi. Da sabon gari ya zo, hatimi dabam aka ware masa, don bututun da ya ci jarrabawar albarushi bai ci ta wancan ba. Ka ɗauko ta Kaka ka duba a rana. Hatimin da za ka gani kawai shi ne tsagar da kake yi da wuƙa a jikin katako kana lissafin zomaye, wanda ni na san rabinsa na karnukan maƙwabta ne.

Na san abin da za ka kare kanka da shi, don an faɗa min wani yaro ya nuna maka a waya: Turawan Amurka na ɗura sabon gari a tsofaffin bindigogin kakanninsu, ga su nan da yatsunsu. Haka ne, akwai masu yi, ba zan ƙaryata ba. Masana'antar Kynoch ta Birmingham ma ta daɗe tana yi wa Martini-Henry harsashi da sabon gari wanda aka rage masa ƙarfi ya dace da ita. Amma yaron ya nuna maka kan zance ne ya ɓoye gindinsa.

Da farko, bindigogin nasu ba ta baki ake ɗura su ba. Masu cin harsashi ɗai-ɗai ne ta gindi, irin su Martini da Remington da Springfield ta 1873, garin kuma yana zaune ne cikin kwanson tagulla wanda ke kumbura ya toshe hanyar baya in an harba. Kafin mutum ya fara, sai ya kai ta wurin gwanin gyaran bindiga ya duba tsatsa da tsaga. Sannan ba da ka suke yi ba. Akwai littattafan da kamfanoni irin su Lyman ke bugawa bayan an gwada kowane awo a ɗakin gwaji da na'urar auna matsi. Harsashi guda, .45-70, awo hawa uku suka yi masa, hawan ƙasa na tsohuwar Springfield, na sama na sababbin bindigogi masu ƙarfi, kuma wanda ya ɗauki na sama ya ba tsohuwa ya san abin da ya saya. Sikelinsu kuwa, a raba giram ɗaya gida 15, a sake raba kowane gida goma, to a wannan matakin suke awo. Kai sikelin da ya fi kusa da kai shi ne na masu sayen riɗi a kasuwar Sara. Duk da wannan taka-tsantsan, abin da suka fi tsoro shi ne zubi biyu: kwanson da aka yi don albarushi babba ne, sabon gari ɗan kaɗan ne a cikinsa, sai mutum ya zuba ya manta ya sake zubawa, ido bai nuna masa komai ba. Tsofaffin bindigogi da yawa sun tafi ta wannan hanya, wasu da hannun masu su.

Irin taka kuwa, mai ɗuri ta baki, a kanta ba su da saɓani ko kaɗan. Sababbin da ake ƙerawa yau da ƙarfen zamani ma, a jikin bututun ake rubuta cewa albarushi kaɗai. Kamfanin Savage ya taɓa ƙera wata musamman don ta ci sabon gari ta baki, da injiniyoyinsa da komai, duk da haka aka yi ta kai shi kotu kan waɗanda suka fashe a hannun masu su, kuma ya daina ƙera ta. In haka ta faru da su, ina ga bututun da aka yi don ya kai ruwa banɗaki?

Batun zubi biyu ma bai tsaya ga masu kwanso ba. Bayan yaƙin Gettysburg a Amurka a 1863, an tsince bindigogi fiye da 27,000 a fagen fama, masu ɗuri ta baki, wajen 24,000 a ɗure suke, dubbai daga ciki an ɗura su fiye da sau ɗaya. Sojoji ne da aka horar, tsoro ya sa suna ɗuri kan ɗuri ba su san ba ta tashi ba. To kai da na san yadda ka yi daren da jakin maƙwabci ya yi atishawa a bayan danga, in tsoro ya kama ka da kwalbar nan a aljihu, sau nawa za ka zuba?

Kada ka kawo min zancen layu. Na san warkinka ya fi buhun gero nauyi saboda guraye da kambuna, na san kana da maganin bindiga wanda ka ce harsashi ruwa yake zama. Ban zo musu da kai a kan wannan ba yau. Tambaya ɗaya ce: duk wanda ya haɗa maka, don harsashin da zai zo daga gaba ya haɗa, daga hannun abokin gaba. Wa ka taɓa ji ya haɗa maganin bindigar da ta juyo wa mai ita daga ƙarƙashin haɓarsa? Kuma kada ka ce min tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wanda aka tara masa gari a kwalba aka sa masa rana, gayyata ce.

Ka kuma tuna inda kake. Daga Fagam zuwa asibitin tarayya na Birnin Kudu ba nan kusa ba ne ga mutumin da aka goya a babur da hannu naɗe cikin rawani, balle in da damina ne cikin dare. Likitocin can sun iya ɗinki, amma ba sa dasa yatsan da aka baro a kan dutse. Ni kuma abin da ya fi damuna ke nan, in faɗa maka gaskiya: watan Cika-ciki na zuwa. Da wane hannu za ka riƙe tsintsiya ka share min ƙofar gida, da wanne kuma za ka karɓi kuɗin shara? Bawa mai dungu asara ce ga ubangida, ko a da ba ya kuɗi.

Ga hukuma kuma. Dokar makamai ta 1959 kashi uku ta yi wa bindigogi. Akwai waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, .303 na cikinsu. Akwai irin su mai baki biyu, lasisinsu daga Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai masu ɗuri ta baki, adaka da mai ƙanƙara, waɗanda al'amarinsu ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Kai a kashi na uku kake, can ƙasa, inda ya dace da bawa. Jan harsashi na 'yan kashi na biyu ne. In aka tare ka a hanyar Basirka da shi cikin burgami, ba ka da takardar bindigar da ke cinsa, sai ka yi musu bayanin gwajin tsingaro mu ji ko za su gamsu. Farke shi ɗin ma da kake yi da wuƙa wani ganganci ne mai zaman kansa, don a gindinsa akwai 'yar hular da ke jiran a dangwale ta.

Yanzu mu zo kan hayaƙin da ka tsana. Ka ce in kun fita sintiri da dare, harbi ɗaya ya nuna inda kake, kuma kafin gajimaren ya washe ba ka ganin gabanka. A nan ba zan yi maka dariya ba. Dalilin da ya sa sojoji suka guje shi ke nan: a Kuba a 1898, sojojin sa-kai na Amurka masu tsohuwar Springfield sun sha wuta daga Sifaniyawa masu Mauser marar hayaƙi, don kowane harbi nasu tuta ce. Ku ma da kuke kwana a waje saboda ɓarayin shanu da masu satar mutane a dazukan kan iyakar Bauchi, kuna tsaron garin da mu muka gudu muka bari, kun fi ƙarfin a raina muku. Amma adaka harbi ɗaya gare ta, da hayaƙi ko babu. Bayan shi sai ɗuri, ko kuwa sunan nan da aka sa mata na harba-ka-ruga, wanda kai ka fi ƙwarewa a rabinsa na biyu. Sabon gari ba zai ƙara mata harbi na biyu ba. Abin da zai yi shi ne ya rage muku mutum ɗaya a tsakiyar dare, ya kuma ɗauke biyu da za su kai shi asibiti, ɓarawo bai ɓata harsashinsa ko ɗaya ba.

Ni dai zargina dabam ne. Ba sintiri ne ya dame ka ba, wanki ne. Dattin albarushi na jan laima, in ba a wanke bututu da ruwan zafi an busar an shafa mai a ranar da aka harba ba, tsatsa ta shiga cin ƙarfe daga ciki, tana yi masa ƙananan ramuka inda ido ba ya kaiwa. Kaka ba ya cin tuwon dare sai ya wanke ta. Kai kuwa Gwaggo ta ce rabonka da wanke ta tun kafin a tona rijiyar bayan gida. Ka ji an ce sabon gari ba ya barin datti, shi ke nan ka samu abin da ya dace da lalacinka. Wato bututun da ka bari tsatsa ta rarake shi ne kuma za ka ba gari mai ƙarfi ninki uku.

In banda rashin sanin daraja, wa ke jin kunyar hayaƙin albarushi a ƙasar nan? Tarihin Kano ya nuna Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga a fada. Sarki Tanimu na Damagaram har albarushi da igwa ake yi masa a gida. Har gobe in aka yi hawan Sallah a Dutse ko Kano, 'yan bindiga suka jera suka saki, ƙasa ta girgiza, farin hayaƙi ya lulluɓe dawaki, mata suka ɗauki guɗa, to wannan gajimaren shi ne adon. Ka je ka ce wa Sarkin Bindiga ka samo masa gari wanda ba ya hayaƙi ka ga irin kallon da zai yi maka. A farauta ma hayaƙin rufin asiri ne gare ka. Kafin ya washe zabuwa ta tashi ta tafi, ka samu damar rantsewa cewa ka same ta, gashi ma ya zuba, ciyawa ce ta yi yawa. Ranar da ka harba ba hayaƙi, yara na kallo ƙiri-ƙiri yadda dalmarka ta tafi gabas zabuwa na yamma, ina za ka sa kanka?

Saboda haka ga umarnin ubangida. Kwalbar nan kada ta kwana a ɗakin da ake hura wuta, kada kuma ka jefa ta a murhu don ka huce haushina. Ka kai ta can cikin gona ka watsa garin siriri a jiƙaƙƙiyar ƙasa, nesa da yara. Sauran harsashin da ba ka farke ba ka mayar wa mai bindigar da ka roƙo a wurinsa. In ka riga ka ɗura wa ta Kaka, kada ka ce bari ka harba sama ta fita, kada kuma ka ɗaura wa kunama zare ka laɓe bayan kuka, don na san wannan dabarar ma ta zo maka. Ka kai wa maƙeri ka faɗa masa gaskiyar abin da ke ciki, ya san yadda zai yi ya zare shi.

Ina nan tafe bayan an gama yankan dawa. Zan sa a kwance bututun a gabana a haska shi a rana, in na ga rami ko tsaga, bindigar ta yi ritaya, ta koma bangon zaure, kai kuma in saya maka gwafa. Ka tanadar min zabi biyu. Na kasuwa ma na karɓa, kuma a gaban Gwaggo ba zan tambayi dalilin da ya sa aka same su da yankan wuƙa ba tare da ko ƙwayar dalma ɗaya a jikinsu ba.